Aska, Fata da Kumfa: Amsoshin Tambayoyinku kan Fara Aski da Ɗan Kuɗi Kaɗan

Tun da tsadar kaya ta kai ga rezar aski, wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan komawa ga aska sun ƙaru, kuma akasarinsu daga matasa ne waɗanda ba su taɓa zama a gaban wanzami ba. Na zaɓi shida daga ciki na taƙaita su, domin sauran ma a kan waɗannan batutuwa suke zagayawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne, kuma nakan gyara fuskata sau biyu a mako. Rezar nan mai baki uku da nake saye ta fara fin ƙarfina, domin aski huɗu ko biyar take yi ta dakushe. Na duba askar Turawa mai naɗewa a intanet, sai na ga kuɗin wasu ya haura albashina na wata. Shin talaka zai iya shiga wannan harka, kuma me ya kamata in fara saye? Daga wani malamin makaranta, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Talaka zai iya, domin aska tun asali kayan kowa ce. Sai a shekarar 1903 ne kamfanin King Camp Gillette ya fara sayar da rezar da ake canja wa baki a Amurka, kuma kafin nan attajiri da ɗan dako galibi da aska ake yi musu aski, a Turai da nan ƙasar Hausa, inda wanzami ke bin gida-gida da zabirarsa a rataye. Abin da ka gani a intanet yawancinsa kayan masu sha'awar tarawa ne. Askar da kamfanin Dovo ko Böker ke ƙerawa a garin Solingen na Jamus, ko ta Thiers-Issard ta Faransa, tana da kyau ƙwarai, amma kaso mai tsoka na kuɗinta yana tafiya ne a kan ƙotar ƙaho ko ta itace mai tsada, da zanen da aka yi wa ƙarfen, da kuɗin jirgi da na kwastan, alhali abin da ke taɓa gashin fuskarka kaifi ne kaɗai. Duk kuɗin da za ka kashe, ka kashe shi a kan kaifi da tsabta.

Shawarata ita ce ka fara da askar da ke cin reza, irin wadda masu shagon aski ke gyara wa mutane saje da gaban goshi da ita. Siffarta ta aska ce, tana naɗewa cikin ƙotarta, riƙonta ɗaya da na aska ta gaske, sai dai bakinta rabin reza ne, daga cikin rezar nan mai baki biyu da ake samu a teburin kowane mai kayan koli. Ana karya rezar gida biyu tun tana cikin takardarta, a lanƙwasa ta daidai tsakiya har ta yi ƙas, sannan a zura rabi ɗaya a cikin askar a kulle. Masu sayar da kayan shagon aski a manyan kasuwanni suna da ita da araha, kuma kowane rabi zai yi maka aski biyu ko uku kafin ka jefar.

Dalilin wannan shawara shi ne mai koyo yana fama da abu biyu lokaci guda, wato hannunsa da bai saba ba, da kaifin da bai san yadda ake samar da shi ba. Idan aski ya yi zafi, ba zai gane wanne ne mai laifi ba, sai ya yi fushi ya ajiye askar. Da sabuwar reza kuwa an gama maganar kaifi, saura hannu kawai. Ba zan ɓoye maka aibinta ba: ba ta da nauyi, kusurwoyin rezar suna da tsini, kuma ta fi aska ta gaske saurin yanka mutum idan ya danna. Amma wanda ya iya da ita, aska ta gaske za ta zo masa da sauƙi.

Idan ka yi wata biyu ko uku ka ga abin ya karɓe ka, sai ka nemi aska ta ƙarfe zalla. Ka zaɓi mai faɗin kashi 5 cikin 8 na inci, wato kimanin milimita 16, domin ita ce matsakaiciya, tana shiga ƙarƙashin hanci ba tare da wahala ba. Ka zaɓi mai zagayayyen kai, ka bar mai tsini sai hannunka ya nuna, saboda tsinin ne ke sukar kunne da gefen hanci. Kafin ka biya, ka ɗaga ta a haske ka bi bakin da ido daga gindi zuwa kai, ka tabbata babu giɓi, babu tsagewa, babu ramukan tsatsa kusa da kaifin, sannan ka naɗe ta a hankali ka ga ko bakin yana shiga tsakiyar ƙotar ba tare da ya gogi gefe ba. Akwai wadda ake ƙerawa a ƙasar Sin mai suna Gold Dollar, wadda masu ƙaramin ƙarfi suka daɗe suna farawa da ita, ƙarfenta yana ɗaukar kaifi amma sai an wasa ta sosai kafin ta yi aski. Ka guji masu ƙyalƙyali da ado da yawa waɗanda ake sayarwa da arahar da ta wuce hankali, domin sau da yawa ƙarfensu laushi gare shi, kuma ko an wasa ba ya riƙe kaifi. Kada kuma ka raina askar maƙeranmu. Gajera ce, ba ta naɗewa, riƙonta daban ne, amma ita ce ta yi ɗaruruwan shekaru tana aske kawunan kakanninmu tas. Idan ita kake so, ka tambayi tsohon wanzamin unguwarku maƙerin da yake saye a wurinsa, kada ka tsinta a kan tabarmar kasuwa.

TAMBAYA: Na sayi aska sabuwa fil a cikin kwalinta, amma da na ɗora ta a kumatuna sai ta riƙa fizgar gashi har hawaye suka zubo mini. Na goga ta a dutsen da matata ke wasa wuƙar girki, abin ya ƙara muni. An cuce ni ne, ko akwai abin da ban sani ba? Daga wani tela, Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, mai yiwuwa ba a cuce ka ba. Yawancin asake masu araha suna fitowa daga masana'anta da kaifin da zai yanka takarda amma bai isa aski ba, kuma dutsen wuƙar girki yana da kaushi ƙwarai, bakin aska kuwa siriri ne fiye da na kowace wuƙa, saboda haka abin da ka yi ya mayar da shi kamar haƙoran zarto. Ana iya gyarawa.

Ina tuna wanzamin da ke zuwa gidanmu da safiyar Juma'a lokacin da nake yaro. Kafin ya taɓa kan kowa, sai ya zauna a bakin tabarma ya zaro wani ɗan baƙin dutse mai santsi daga zabira, ya ɗiga masa ruwa, ya kwantar da askar a kai ya yi ta kai da komowa a hankali, kansa a sunkuye, ba ya ko amsa gaisuwa da kyau sai ya gama. Daga nan sai ya koma kan wani guntun fata da ya yi baƙi saboda daɗewa, sannan a ƙarshe ya shafa askar a tafin hannunsa sau uku ko huɗu. A lokacin ina ɗauka duk abu ɗaya yake yi, sai daga baya na gane ayyuka biyu ne mabambanta. Dutse yana cin ƙarfe ne ya fitar da sabon kaifi, kuma ba kullum mai aski a gida yake bukatarsa ba. Fata kuwa kusan ba ta cin komai, aikinta ta miƙar da bakin da ya ɗan lanƙwashe saboda karo da gashi, ta kuma share shi, kuma ita ana bukatarta kafin kowane aski.

Mu fara da fata, tunda ita ce ta yau da kullum, kuma a nan ne mu muka fi Bature sa'a, domin majema da dukawa suna kusa da mu. Ka je wurin baduku ka ce ya yanko maka fatar saniya mai ɗan kauri, mai santsi, wadda babu ɗinki ko tabo ko ƙulli a jikinta, tsawonta kamar santimita 50, faɗinta 6 ko 7, ya huda kai ɗaya ya sa igiya. Ka ɗaure ta a ƙarfen taga, ka ja ɗaya kan da hannu har ta miƙe sosai, domin idan ta yi sako-sako za ta naɗe bakin askar ta dakusar da shi. Ka kwantar da askar a kai yadda bayanta da bakinta duk suna taɓa fatar, ka ja ta bayan yana gaba, bakin yana biye. Idan ka kai ƙarshe, ka juya ta a kan bayanta, kada ka taɓa juya ta a kan baki, sannan ka dawo. Sau 40 zuwa 60 ya isa, ba tare da dannawa ba, kuma ba tare da sauri ba. Kusan kowane mai koyo sai ya yayyanka fatarsa ta farko, shi ya sa ban ga amfanin sayen mai tsada daga waje ba. Kafin ka samu fatar ma, jarida da aka ninka aka shimfiɗa a kan tebur tana ɗan rage hanya.

Washi kuma akasin haka ne, bakin ne ke gaba, kamar kana son ka feffere saman dutsen, amma nan ma askar a kwance take, bayanta yana kan dutse, domin kaurin bayan ne ke ba kaifin kusurwar da ta dace. Duwatsun washi na zamani lamba gare su, kuma yadda lambar ta ƙaru haka laushin dutsen yake ƙaruwa. Mai lamba 1000 shi ke fitar da bakin, mai 4000 ya share zanen da na farko ya bari, mai 8000 ya goge shi har ya isa aski. Sayen waɗannan duka ya fi kuɗin askar kanta, saboda haka ba na ba mai farawa shawarar ya saya. Hanya mafi araha ita ce ka kai wa tsohon wanzami wanda har yanzu yake aiki da dutse, ka biya shi ladansa, ka zauna ka kalli hannunsa. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka kai wa masu washin wuƙa da adda a kan injin da ke juyawa yana tartsatsi, domin zafin yana kashe taurin ƙarfen a bakin, kuma injin zai cinye rabin askar cikin ƙiftawar ido.

Idan babu wanzami kusa, ka nemi samfefar ruwa irin ta masu fentin mota, mai lamba 1000 da 2000 da 3000, ka jiƙa ta, ka manna a kan gilashi mai kauri ko tayil mai santsi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka fara, ka shafa wa bakin askar tawadar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki da ake rubutu da shi a jikin kwali, a gefe biyun, ka ja sau biyar, ka duba: inda tawadar ta goge, nan ne ke taɓawa, inda ta rage kuwa da sauran aiki. Kada ka bar lamba 1000 sai tawadar tana gogewa daga gindi har kai. Wannan hanya tana kai aska kusa da inda ake so, sai ka ƙarasa da doguwar guga a fata. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne gashin hannunka: askar da ta isa za ta kwashe shi da ɗan taɓawa, ba ja, ba ƙara. Idan ta kai haka kuma kana kula da fata, za ka yi watanni kafin ka sake neman dutse.

TAMBAYA: Kawu, kayan duk sun haɗu, amma kwana goma ke nan ina buɗe askar ina rufewa saboda tsoro. Yaya ake riƙe ta, kuma daga ina ake farawa? Daga wani ɗalibi, Sakkwato.

AMSA: Ɗana, wannan tsoro alheri ne, kuma na fi natsuwa da mai irinsa a kan wanda zai ɗora aska a maƙogwaro ranar farko. Ka zaɓi ranar da ba ka da gaggawa, da rana a tsakar gida ko kusa da taga, inda ɗaukewar wuta ba za ta same ka da aska a fuska ba, kuma ka tabbata babu yaron da zai rugo ya bangaje ka. Ka yi askin bayan wanka, ko ka ɗora tawul mai ruwan ɗumi a fuska na minti biyu ko uku, domin gashin da ya sha ruwa ya fi busasshe sauƙin yanka nesa ba kusa ba. Sannan ka shafa kumfa mai danshi, kuma duk inda ta bushe kafin ka iso ka sake shafawa.

Ka buɗe askar sosai har ƙotar ta wuce bayanta ta kalli sama. Babban yatsanka ya zauna a ƙarƙashin wuyan ƙarfen, yatsu uku su hau samansa, ƙaramin yatsa kuma ya kwanta a kan ɗan wutsiyar da ta fito ta bayan ƙusar da ta haɗa ƙarfen da ƙota, ƙotar tana tsaye tsakaninsa da na kusa da shi. Kusurwar da ake so tsakanin ƙarfe da fata kimanin digiri 30 ce, amma tunda ba za ka auna ba, ka kwantar da askar a kuncinka, sannan ka ɗaga bayanta kamar kaurin bayan sau biyu. Idan ka ɗaga fiye da haka za ta kankare fata, idan ka kwantar da yawa za ta bi ta kan gashi ta wuce. Da ɗaya hannun ka ɗan riƙe fatar daga sama don ta miƙe, ka ja askar ƙasa a gajerun ja, kamar faɗin yatsu biyu, ka bar nauyinta ya yi aikin. Doka ɗaya ce ba a karya ta: aska ba ta tafiya ta tsawon bakinta kamar yadda ake yanka nama, kuma ba a tsayar da ita a kan fata ana tunani. Kusan duk yankan da mutane ke yi wa kansu daga waɗannan biyun yake fitowa.

A makon farko ka tsaya ga kumatu kaɗai, daga ƙarƙashin saje zuwa muƙamuƙi, ka ƙarasa sauran da rezar da ka saba. A mako na biyu ka ƙara gefen wuya, kuma idan ka zo zakaran wuya ka ja fatar gefe guda ka aske ta a inda take kwance. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, to a askin fuska haɓa ce gaban goshin, domin gashinta ya fi tauri, ga lanƙwasa ta ko'ina, saboda haka ita da ƙarƙashin hanci su ne na ƙarshe da za ka koya. Wanda ya bar gemunsa, yana gyara gefen kumatu da wuya kawai, ya tsira daga mafi wahalar aikin.

Ka riƙa share kumfar a kan tsumma mai laushi, kada ka buga askar a bakin kwano. Idan ta suɓuce maka, ka ja ƙafarka baya ka bar ta ta faɗi, kada ka kai hannu. Idan ka yanke, ka danna wurin da auduga mai tsabta, sannan ka jiƙa ɗan guntun alif, wanda wasu ke kira alimun, irin wanda ake tace ruwa da shi, ka shafa, zai yi zafi amma yana tsayar da ƙaramin jini. Mai shan maganin tsinka jini, ko wanda ciwonsa ke daɗewa bai warke ba saboda ciwon sukari, ya fara tuntuɓar likitansa.

TAMBAYA: Aikina na ɗamara ne, dole kullum fuskata ta kasance a aske, kuma ƙuraje sun cika mini wuya da haɓa. An ce aska tana maganinsu. Gaskiya ne? Daga wani ma'aikacin tsaro, Kaduna.

AMSA: Yallaɓai, rabin maganar gaskiya ne. Gashinmu na baƙar fata murɗaɗɗe ne, idan aka yanke shi ya yi tsini, musamman idan yankan ya gangara ƙasa da saman fata, sai ya lanƙwasa yayin da yake tsirowa ya soki fatar ko ya ci gaba da girma a cikinta, jiki kuma ya ɗauke shi kamar ƙaya ya kumbura a kansa. Reza mai baki uku ko biyar an ƙera ta ne yadda bakin farko zai ɗan jawo gashin, na bayansa ya yanke, sai guntun ya koma ciki, shi ya sa take ƙara wa masu irin fatarmu matsala. Baki ɗaya mai kaifi ya fi sauƙi ta wannan fuska. Amma aska tana iya yin ɓarnar da ta fi wannan idan ka ja fatar da ƙarfi, ka kuma aske ta hanyar da ta saba wa kwanciyar gashin don neman santsi.

Ka bar gashin ya yi kwana biyu a lokacin hutu, ka shafa shi da yatsa ka gane inda kowane ɓangare ya kwanta, domin na wuya sau da yawa gefe yake kallo ko sama. Ka aske ta inda ya kwanta, sau ɗaya kawai, ba tare da jan fata sosai ba, ka haƙura da ɗan kaushin da zai rage, wanda ido ba ya gani. Kada ka ɗora aska a kan ƙurajen da ke da ruwa. Idan za ka iya samun takardar likita a ɗaga maka aski na makonni uku ko huɗu su lafa, shi ne ya fi, kuma idan suka ƙi ji, kilifa da ke barin gashi kamar milimita ɗaya ta fi maka kowace aska. Ƙurajen ƙeya masu tauri da ke barin tabo mai kumburi wani ciwo ne daban, kada aska ta je wurin, kada kuma ka shafa fetur ko man birki kamar yadda wasu ke ba da shawara, likitan fata za ka gani.

TAMBAYA: Ina da samari uku a gida. Idan na sayi aska ɗaya mai kyau muka riƙa amfani da ita mu huɗu, muna ƙona bakinta da ashana bayan kowane aski, ai an rage kashe kuɗi ko? Daga wani magidanci, Gombe.

AMSA: Alhaji, don Allah kada a yi haka, a nan ne araha ba ta da wuri. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko fiye, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa ya ɗauke ta daga wani zuwa wani. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, kuma yawancinsu ba su sani ba, domin tana iya shekaru ba ta nuna alama ba. Cutar hanta nau'in C da ƙanjamau ma ta jini suke bi. Wutar ashana ba ta kai ga kowane lungu, ga shi kuma tana kashe taurin bakin aska, ka ga an yi asara biyu.

Kowane ɗayansu ya samu tasa askar mai cin reza, a ɗaura wa kowacce zare mai launi daban, kuma kowa da guntun alif nasa. Kuɗin guda huɗu ba zai kai na aska ɗaya ta waje ba. Rezar da aka gama da ita a jefa ta cikin gwangwanin madara da aka huda wa ƙaramar kafa, kada ta shiga shara inda yara da masu tsince-tsince ke sa hannu. Haka nan ranar suna, idan wanzami ya zo askin jariri, babu rashin kunya ko raini a miƙa masa sabuwar reza a buɗe ta a gaban kowa, kuma wanzamai da yawa yanzu su da kansu suke neman hakan. Allurar rigakafin cutar hanta nau'in B ta shiga jerin alluran jarirai a Najeriya a 2004, saboda haka kai da duk wanda aka haifa kafin nan ya kamata ku je a gwada ku, wanda ba shi da ita a yi masa allurar.

TAMBAYA: Askata ta fara jan tsatsa bayan mako biyu kacal, kuma kumfar gwangwani tana da tsada a nan. Mene ne mafita? Daga wani ɗan kasuwa, Zangon Kumasi.

AMSA: Malam, ƙarfen da ya fi ɗaukar kaifi shi ne kuma ya fi saurin tsatsa, ga ku kuma a ƙasar da iska ke ɗauke da danshi kusan duk shekara, abin da mu a arewa sai da damina muke fama da shi. Bayan kowane aski ka share askar da busasshen tsumma, ka zura takarda mai laushi tsakanin ɓangarorin ƙotar ka tsane ruwan da ya maƙale, ka kula da wurin ƙusar musamman, ka bar ta a buɗe ta sha iska a inda yaro ba zai kai ba, sannan ka shafa mata ɗigo ɗaya na man keken ɗinki kafin ka naɗe. Kada ka ajiye ta a banɗaki. Tsatsar da ke jikin ƙarfen tana fita da samfefa mai laushi da ɗan mai, amma idan ta ci bakin sai an sake washi.

Kumfar gwangwani kuwa ba dole ba ce, kuma ba ta ma cika santsin da aska ke so ba. Sabulun aski na ƙwallo ko na bututu yana daɗewa watanni, idan kuma babu, sabulun salo mai kyau yana yi, matuƙar bai cika toka ba, ka gwada shi a bayan hannu ka ga ko yana yi maka raɗaɗi. Idan za ka sayi buroshin tayar da kumfa, ka karanta jikin kwalin, domin masu araha da yawa da gashin alade ake yin su, ka nemi na zaren roba, wanda ya fi saurin bushewa a ƙasa mai danshi irin taku. Bayan aski ka wanke fuska da ruwan sanyi, ka shafa alif ka bar shi kamar minti ɗaya ka ɗauraye, sannan ka murza ɗan man kaɗe a tafin hannu har ya narke ka shafa.